Abin da Ya Hana Ni Kujerar Dattawa

Ku 'ya'yana, akwai wata magana da na bari ta zauna a gidan nan shekara da shekaru. Na san ba gaskiya ba ce, amma ban taɓa buɗe baki na gyara ta ba, domin tana rufa mini asiri. Maganar ita ce wai marigayi Baba Dauda ne ya hana ni zama dattijon ikkilisiya saboda ba yarenmu ɗaya ba. Kwanan baya na ji jikata tana faɗa wa ƙawarta haka a tsakar gida, tiryan-tiryan kamar haddar makarantar Lahadi, yarinyar da ko hoton mutumin ba ta taɓa gani ba. A nan na ga ya kamata in ɗauki biro. Hannuna da guduma ya saba, saboda haka wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri ya karanta haka nan.

A shekarar da nake magana ina da shagon kafinta a Bukan Sidi cikin garin Lafia, bakin titi. Ba yabon kai ba, duk mai son ƙofar da ba za ta kumbura da damina ba wurina yake zuwa. Bencunan cocinmu ni na yi su, da teburin jibin Ubangiji, da kujeru shida na dattawa da ke gaba suna fuskantar jama'a. Ba na shan burukutu, ba na bin mata, ba a taɓa ganina a wurin caca ba. Ƙarfe bakwai saura kwata ina cikin coci ranar Lahadi, kuma wanda ya makara sai ya ji idona a ƙeyarsa. Da ɗaya daga cikin dattawan ya tsufa ya koma ƙauyensu, sai aka tarar kujerarsa ma ta gaji, aka ce in yi sabuwa. Na ɗauko wani katakon maɗaci da na daɗe ina ɓoyo, na yi ta a natse, na goge ta har tana ɗaukar ido. Abin da ban gaya wa kowa ba sai yau shi ne, da bayana na auna majinginarta. Ko a lokacin ba a fara maganar wanda zai gaje shi ba, amma ni na riga na gama zaɓe a zuciyata.

Ba a daɗe ba kuwa aka fitar da sunana. Ranar Fasto ya karanta mana wurin nan a wasiƙar manzo inda aka jera halayen wanda ya cancanci riƙon jama'ar Allah. Ya zama wanda ba a da abin zarginsa, mai mace ɗaya, mai kamun kai, mai buɗe ƙofarsa ga baƙi, ba mashayi ba, ba mai saurin hannu ba, wanda ko mutanen waje za su yi masa kyakkyawar shaida, wanda kuma ya iya riƙon gidansa har 'ya'yansa suna yi masa biyayya. Yana karantawa ina dubawa a raina kamar yadda nake ɗora awo a kan ƙofa, kowane ɓangare ina cewa daidai. Da ya zo kan maganar gida da biyayyar yara har sai da na gyara zama. Na ce a raina, a nan kam ko Fasto ba zai ja da ni ba, domin na sha ganin ɗansa yana cin gyaɗa ana wa'azi.

Ga yadda al'adar cocinmu take. Idan an fitar da sunan mutum, sai a karanta shi Lahadi uku a jere. A cikin waɗannan makonni dattijo ɗaya zai shiga kasuwa ya tambayi waɗanda ba 'yan cocin ba yadda mutumin yake, dattijo ɗaya kuma ya je gidansa ya ga zamansa da iyali. Idan an kai Lahadi ta uku ba wanda ya kawo magana, sai a ɗora masa hannu. Wanda aka tura kasuwa ya je wurin Alhaji Sani mai katako, wanda na yi shekara goma sha biyar ina sayayya a hannunsa. Aka kawo mini amsarsa da zafinta.

"Ayuba kafinta? Idan ya ce muku katako ɗanye ne, to ɗanye ne, ko da a shagona ya gan shi. Mutumin kirki ne. Bakinsa ne dai ba a sa masa sukari ba."

Na ji daɗi ƙwarai. Maganar sukarin kuwa na ɗauke ta yabo ce.

Zuwa gida kuma kowa ya san yadda ake yinsa. Dattijo zai sa rana, a yanka kaza, a yi wa yara wanka da aski, su jero su yi hadda, a yi addu'a, ya koma ya ce gida lafiya. Sai aka ce Baba Dauda ne zai zo wurina. Shi manomin doya ne daga Arikya, gajere, ƙafafunsa duk faso. 'Ya'yansa sun dawo da shi Lafia don ya huta, amma kusan kullum yana kan kekensa zuwa gona. Karatunsa da yatsa yake binsa, kalma ɗaya-ɗaya, kuma a taron dattawa sai a gama bai ce uffan ba. Gaskiya ban ɗauke shi da nauyi ba. Da aka tashi daga sujada na tare shi na ce ya sa mini rana.

"Zan zo, Kafinta," in ji shi.

"Yaushe, Baba? Don a shirya."

"Kada a shirya. Ni ba gwamna ba ne."

Na koma gida na tara kowa. Mahaifiyarku, wadda nake kira Maman Rifkatu, a lokacin agushi take sayarwa a kasuwa. Rifkatu tana da shekara goma sha shida, Istifanus goma sha huɗu, Ladi da Markus kuma ƙanana ne. Na ce tunda tsohon ya ƙi sa rana, to kowace rana ranarsa ce. Kada in ga bokiti a tsakar gida, kada in ga yaro ba riga, kowa ya riƙe haddarsa. Da ma can haka gidan yake tafiya, na ƙara ɗaure shi ne kawai. Ku manyan kun tuna addu'ar yamma bayan cin tuwo. Kun tuna wani siririn katako da na goge nake ajiyewa a kan tebur kusa da hannuna. Ina gaya wa kaina ai ban cika amfani da shi ba, ajiye shi kawai nake yi. Ban taɓa tambayar kaina ba me ya sa idon Markus yake kan katakon maimakon ya rufe.

Ranar wata Alhamis na taso daga shago wajen ƙarfe biyar, na shigo da mashin ɗina, sai ga Baba Dauda zaune a tabarma ƙarƙashin mangwaro, ya cire hula, faranti a cinyarsa yana taya mahaifiyarku ɓare agushi. Ɓawon da ke gabansa ya nuna ya daɗe. Na duba gidan da sauri, na ga komai tsaf. Istifanus ya taho ya karɓi mashin ya jingine. Rifkatu ta durƙusa ta miƙo mini ruwa. Ƙananan suna bakin baranda kowa da littafinsa, ko tari babu. Na ce madalla. Na kira su ɗaya bayan ɗaya suka yi hadda, ba wanda ya yi tuntuɓe. Tsohon yana gyaɗa kai yana ci gaba da ɓare agushinsa. Da ya tashi tafiya na riƙe masa keke na raka shi har kwanar layinmu, ina jiran yabo. A nan ya tsaya.

"Kafinta, mashin ɗinka yana da ƙara."

"Salansa ce ta fashe, Baba. Zan kai a gyara."

"Kada ka gyara tukuna. Iyalinka suna amfani da ita."

Ban gane ba, na tsaya ina kallonsa. Ya karɓi kekensa ya sa hula.

"Tun ƙarfe biyu nake gidanka," ya ce. "Na sha awa uku a wani gida mai daɗi. Da ka sha kwanar nan aka ji ƙararka, sai aka ɗauke ni aka kai ni wani gida daban, ina zaune a tabarma ɗaya. Yanzu ban san wanne zan gaya wa kwamitin dattawa ba."

"Tarbiyya ke nan, Baba. Yaro ya san ubansa ya dawo."

"Toh. Wata rana idan ka iso nan, ka kashe mashin, ka tura shi da hannu. Ka tsaya bayan katanga kaɗan kafin ka shiga."

Ya hau kekensa ya tafi. Kai, ranar na ji haushi! Mutumin da ke bin karatu da yatsa shi zai koya mini riƙon gida? In yi laɓe a bayan katangar da na gina da gumina, kamar ɓarawon kaji? Washegari na shigo da ƙarata kamar kullum, jibi ma haka. Lahadi ta biyu aka karanta sunana, ba wanda ya ce komai. Amma maganar ta ƙi barina. Ina cikin yanka katako sai ta faɗo mini, har na ɓata ƙafar tebur ɗaya, abin da rabona da shi tun ina koyon aiki. Ranar Litinin na ce bari in yi, ko don in sami abin da zan mayar wa tsohon.

Na kashe mashin a kwana. Wata mai tuya a bakin layi ta ce, "Oga, mai ya ƙare ne?" Na ce eh, na yi mata ƙarya ina ɗan takarar dattijo. Na turo shi a hankali har bayan katangarmu. Ƙofar gidan ni na yi ta, ba ta da tsagar da za a leƙa, sai na matsa inda bulo ɗaya ya ɗan gutsure. Abin da na fara ji rediyo ne, rediyon da na ce ba a kunna shi sai lokacin labarai. Sannan na ji ana daka, mai dakan tana waƙa da yaren Eggon. Na ɗauka wata baƙuwa ce ta zo. Sai da na leƙa na ga mahaifiyarku ce, ta ɗaure zani a ƙirji, tana jefa taɓarya sama tana tafawa kafin ta cafe. Waƙar nan rabona da jin ta tun ina zuwa zance gidansu. Ladi da Markus suna bin akuya da gudu, bokiti har biyu a tsakar gida.

Ina nan tsaye sai na ji an yi gyaran murya, irin tawa sak. Na ji muryata ta fito daga cikin gidana alhali ina waje.

"Wa ya bar bokitin nan a nan? Gidan mutane ne wannan ko tashar mota?"

Istifanus ne. Ya soka fensir a bayan kunne, ya turo ciki, ya haɗa hannu a baya yana takawa yadda nake takawa. Yaron da a gabana sai na ce ya ɗaga murya kafin in ji abin da yake faɗa. Ya ja kujera ya zauna, ya ɗauki muciya ya ajiye kusa da hannunsa.

"Mu yi addu'a. Markus, rufe ido! Ya Uba, muna gode maka domin salamar da ka ba gidan nan. Ladi, na ga haƙoranki! Muna gode maka domin farin cikin da ka cika mu da shi. Wa ya yi dariya? Na ce wa ya yi dariya?"

Rifkatu ta faɗi a kan tabarma tana riƙe ciki. Mahaifiyarku ta saki taɓarya ta dafa turmi, tana dariya har da hawaye.

"Kai, Istifanus, Allah ya shirye ka! Za ka kashe ni. Ka bari mana, ubanka ne fa."

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa mini fushi ne. Idona har ya fara neman sanda a ƙasa. Da na shiga a wannan minti, da yaron nan ya kwana a asibiti. Abin da ya riƙe ni dariyar mahaifiyarku ce. Shekara goma sha takwas muna tare, ina gaya wa mutane Allah ya ba ni mace mai shiru-shiru. Ashe ba shiru gare ta ba. Ina cikin wannan sai Markus ya daina gudu ya tsaya cak.

"Rifkatu, ƙarfe nawa?"

"Saura kaɗan. Ladi, rage rediyon nan, ki kasa kunne."

Yarinya 'yar shekara bakwai ta je kusa da ƙofa ta tsaya tana sauraron hanya. Ni ne ake sauraro. A nan fushin ya zube, kunya da baƙin ciki suka maye wurinsa. Na tura mashin ɗina na koma kwana, mai tuya tana kallona, na tayar da shi na shigo kamar yadda na saba. Tun kafin in kai ƙofa na ji rediyo ya mutu. Na tarar babu bokiti ko ɗaya. Istifanus ya taho kansa a ƙasa ya karɓi mashin, fensirin ma ya ɓace. Na ci tuwo ban ji ɗanɗanonsa ba, kuma a wurin addu'a na kasa furta kalmar salama.

Ranar Laraba na rufe shago na bi Baba Dauda har gonarsa a Arikya. Na same shi yana kafa wa doya sanduna. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba, ya miƙo mini sanda ya ce in riƙe masa. Muka gama kunyar doya biyu a haka kafin na iya magana.

"Na tsaya a bayan katanga, Baba."

"Toh."

"Me za ka gaya wa kwamiti?"

"Zan ce yara suna biyayya, gida da tsabta, matarka ba ta kawo ƙara ba. Duk gaskiya ne. Ba zan tare maka hanya ba."

Na so in ji sanyi amma ban ji ba. Sai na shiga kare kaina ba tare da an tuhume ni ba. Na ce ai Maganar Allah ce ta ce yara su yi biyayya, ni ban ƙara komai a kai ba. Na ce ubana ma haka ya riƙe mu, ga shi ban lalace ba. Ya bar ni na gama.

"Ni karatuna kaɗan ne," ya ce. "Amma ranar da Fasto ya karanta, na ji har da mai sauƙin hali a ciki. Ko kai ba ka ji wannan ba?"

Ban ji ba. Allah ya sani ban ji ba, alhali a gabana aka karanta.

"Kafinta, ka san aikin kujerar nan? Ba zama a gaba ba ne. Mace ce za ta zo ta ce 'yarta ta yi ciki a makaranta, ba ta san yadda za ta gaya wa mijinta ba. Mutum ne zai zo ya ce ya koma shan giya. Idan ɗanka na cikinka ba ya iya dariya a gabanka, kana tsammanin waɗannan za su zo su yi kuka a gabanka? Za su gaishe ka da ladabi, su wuce da kayansu."

Ya ba ni doya uku na ɗaure a bayan mashin. Daga nan har Lafia ban san yadda na iso ba.

Lahadi ta uku coci ya cika, 'yan'uwanmu na ƙauye ma sun zo, an dafa shinkafa a gida. Sabuwar kujerar tana gaba ba kowa a kai. Fasto ya karanta sunana, ya tambaya ko akwai mai magana. Shiru. Baba Dauda yana kallon ƙafafunsa. Da na yi shiru na minti ɗaya kacal, da an ɗora mini hannu, kuma ina son kujerar nan yadda ban taɓa son wani abu ba. Sai na ga na miƙe. Na ce ina roƙon ikkilisiya ta cire sunana, saboda wani dalili da ni da Allahna muka sani. Na zauna. Abin da na yi daidai ke nan, kuma kuskurena ma yana cikinsa. Na sami ƙarfin ajiye kujera, amma ban sami ƙarfin faɗin dalili ba.

Mutane kuwa ba sa barin wuri ba dalili, sai su sa nasu. Wasu suka ce ina da wata mace a ɓoye. Mahaifiyarku ta yi wata da watanni tana shan kallon tausayi a zumuntar mata a kan laifin da ba a yi ba. Mutanenmu kuma suka ce ai Baba Dauda ne ya je gidan, shi ya matsa mini don ɗan yarensu ya samu. Wannan ta fi yi mini sauƙi, sai na bar ta ta yi tafiyarta. Idan an faɗa a gabana sai in ce a bar wa Allah, wanda kuwa ya fi ƙarya muni. Akwai gidajen da suka daina gaishe da tsohon nan. Ya san magana ɗaya daga bakinsa za ta wanke shi, bai taɓa yin ta ba. Ni na yi akwatin da aka binne shi a ciki, na tsaya a bakin kabarinsa, a nan ma ban ce komai ba.

Mahaifiyarku kaɗai na gaya wa, a yammacin wannan Lahadi bayan baƙi sun watse da shinkafarsu a leda. Tana wanke tukunya na ce mata na tsaya a bayan katanga ranar Litinin. Hannunta ya tsaya a cikin ruwa.

"Ka ji yaron?"

"Na ji."

"Ka ji ni ma?"

"Na ji ki."

Sai ta fara durƙusawa za ta ba ni haƙuri. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na ce ta tashi don Allah. Na tambaye ta me ya sa duk shekarun nan ba ta taɓa gaya mini ba.

"Baban Rifkatu, ta ina zan fara? Kai idan ka shigo ka riga ka san amsar komai."

Ta roƙe ni abu ɗaya, kada in nuna wa Istifanus na ji shi, domin tsoro zai kashe shi. Na yi mata alkawari. Na ɗauko siririn katakon nan na sa a murhunta, ta dafa ruwan zafi da shi.

Kada ku ɗauka washegari na zama wani mutum. Katako ya ƙone, bakin yana nan. Ranar da na fara gwada wasa a wurin cin abinci kowa ya tsaya da loma a hannu yana kallon mahaifiyarku, sai da ta yi murmushi sannan aka yi dariya gaba ɗaya kamar an ba da oda. Na sha komawa gidan jiya, in daka tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, in fita in dawo in rasa yadda ake ba yaro haƙuri. Amma ƙanana suna da saurin mantuwa. Kafin shekara biyu Markus yana hawa bayana yana cire mini fensir, Ladi tana gaya mini a fuska cewa muryata ba ta waƙa ba ce, in rage ta a coci. Rifkatu sai da ta yi aure ta haihu sannan bakinta ya buɗe, kuma tun daga lokacin bai rufu ba. Istifanus kuwa a shekarar ya tafi makarantar kwana, daga can ya wuce kwaleji, ya zama malamin firamare a Ashige. Canjin da aka yi a gidan bai same shi a ciki ba.

Bayan shekara takwas wani sabon fasto ya zo ya ce ikkilisiya tana so ta sake fitar da sunana. Na ce ya ba ni mako ɗaya in tambayi gida. Ladi da Markus suka ce in karɓa mana, amma sai na sayi sabon kaftani don kada in ba su kunya. Rifkatu ta ce yanzu kam ko ita za ta iya kawo mini kukanta. Mahaifiyarku ta ce, "Ka canja, ban ƙi ba. Amma 'ya'yanka huɗu ne."

Na hau mashin na tafi Ashige. Na iso an tashi tara, malamai suna zaune a ƙarƙashin bishiyar kashu, ɗaya yana tsaye yana ba su labari da hannu da ƙafa, suna ta ƙyaƙyatawa. Istifanus ne. Da ya hango ni ya cire hula, ya taho ya karɓi mashin ya jingine. Aka kawo mini benci na zauna, na ce ya zauna, ya ce ba komai. Saurayi mai gemu, malamin aji, yana tsaye hannu a baya. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Na ce ba zan karɓa ba sai na ji ta bakinsa, ko yana ganin na cancanta.

"Duk yadda ka ce, Baba."

"Ba abin da na ce nake tambaya ba. Kai me ka gani? Ka faɗa mini gaskiya, ba abin da zai faru."

Ya ɗago ido kaɗan, na ga kamar zai yi magana. Na jira. Ban taɓa jiran wani abu haka ba.

"Duk yadda ka ce daidai ne, Baba."

Na kwana biyu ina juya amsar nan, sannan na je na ce wa Fasto ya nemi wani. Ba a sake tambayata ba, ni ma ban sake nema ba. To kun ji wanda ya hana ni kujerar dattawa, ba kowa ba ne sai ni kaina. Wanda ya haɗu da jikokin Baba Dauda a cikinku ya gaishe su da kyau, ni kuma na gaya wa Fasto ya ba ni minti biyar ranar Lahadi in faɗi wannan da bakina.

Saura kai, Istifanus. Ban taɓa samun ɗa mai kula irinka ba. Kana aiko da doya, kana bugo waya duk Lahadi, ka tambayi ƙafata, in ce da sauƙi, ka ce a gaida gida. Yau furfura ta fara fito maka, kuma har yanzu ba ka taɓa zama ba sai na ce ka zauna sau biyu. Mahaifiyarka ta sake ni daga alkawarin da na yi mata, shi ya sa na rubuta. Na ji ka ranar nan, tun daga gyaran murya har zuwa addu'a. Ka iya ni fiye da yadda na iya kaina, kuma ba ka ƙara mini ko kalma ɗaya da ban faɗa ba. Kowa a gidan ya yi dariyarsa ranar, ni kaɗai ne ban samu ba. Idan ka zo Kirsimeti, don Allah ka yi mini kwaikwayon nan.